Minti Biyun Malam Manniru

Direbobin ma'aikatarmu ba sa kiran Malam Manniru da sunansa. "Zare-ya-tsinke" suke ce masa, kuma bai taɓa jin haushi ba. Ni ce mai jin haushin, don ni yake tuƙawa, ni ce kuma nake makara.

Sunana Zakiyya. A lokacin ina mataimakiyar darakta a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya maka ba ni da haƙuri. Bai yi mini ƙarya ba. Shekara shida Malam Manniru ya yi yana jana a wata farar Toyota Camry ta ofis, kuma Allah kaɗai ya san sau nawa ya gangara gefen titi ya kashe mota saboda ya ji wani ƙara da babu wanda ya ji sai shi. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Hajiya, ki ba ni minti biyu."

Mutumin Minjibir ne, ɗan masaƙi. Ya zo Abuja tun rabin Garki na daji, yana jan tifar yashi, daga baya ma'aikata ta ɗauke shi direba ta ba shi ciki da falo a kwatas ɗin gwamnati na Nyanya. Nan ya kawo matarsa Luba, nan aka haifi 'ya'yansa huɗu, nan ya dasa gwaiba a ƙofar gida. Duk kakar gwaiba sai na tarar da leda cike a kujerar baya.

Sunan da aka laƙaba masa ya samo asali ne daga wani injiniya ɗan Japan da Malam Manniru ya tuƙa shekara biyu, lokacin da ake haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Gwagwalada. Wata rana motarsu, ita ma Toyota, ta kafe a taɓo, suna zaune suna jiran taimako, injiniyan ya tambaye shi sana'ar mahaifinsa. Da ya ji saƙa ce sai ya fashe da dariya yana bubbuga sitiyari. Ya ce ai kamfanin da ya ƙera motar nan asalinsa injin saƙa yake yi, tun kafin ya san mota. Abin da ya ɗaukaka injin nasu shi ne, da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya da kansa, don kada ya ci gaba da saƙa ɓarna. Da suka koma ƙera motoci ba su yar da ɗabi'ar ba: a masana'antarsu ko ƙaramin lebura ya ga kuskure yana da ikon jan igiya ya tsayar da aikin gaba ɗaya.

Labarin nan ya shiga ran Malam Manniru. Babu wanda ya tsira daga jinsa, daga masu gadi har babban sakatare. Ni kam na ji shi ya fi sau ɗari.

"Hajiya, haka tsohona yake," zai ce, idonsa a kan titi. "In zare ya tsinke ba ya sake jefa ƙoshiyar saƙa sai ya ɗaure. Ko mai kaya na tsaye a kansa."

"Malam Manniru, ni ba zane na ba ka saƙa ba. Taka mota."

Shekara biyar da komawa mulkin farar hula, gari na ta cika da sababbin gine-gine da sababbin motoci, sai gwamnati ta ce ta daina ɗaukar nauyin motoci da direbobin manyan ma'aikata. Kowane sashe zai riƙe direba ɗaya, a sallami saura. Mu muna da biyu: Malam Manniru da wani Nicholas, mai ƙuruciya da zafin ƙafa. Aka ce ni zan miƙa sunan wanda zai tafi, kafin sha biyun ranar Alhamis. Kowa ya san abin bai tsaya ga aiki ba. Ana shirin sayar da gidajen kwatas ga ma'aikatan da ke cikinsu, wanda aka sallama kuwa sai ya kwashe kayansa. Nicholas haya yake a Karu. Malam Manniru shekararsa goma sha bakwai a ƙarƙashin gwaibar nan.

Alhamis ɗin kuma ita ce ranar jarrabawata ta zama darakta, ƙarfe tara na safe, a wata cibiya da ke hanyar Kubwa wajen Dei-Dei. Don haka na sa sakatariyata Angela ta buga takarda biyu, kowace da suna ɗaya, na sa hannu a duka. Na ce mata in ba ta ji daga gare ni ba, ta kai mai sunan Nicholas. Wallahi niyyata ke nan, Allah shaida ne.

Ranar Laraba aka kawo wa motar sababbin tayoyi. In da Malam Manniru na ba aikin, da wuni guda ya tafi, don ba ya yarda da yadda masu facin garin nan ke ɗaure taya. Ka san su: a zura dogon bututu a sifana, ƙato ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle har sai noti ya yi kuka, a ce ya ɗauru. Shi kuwa cewa yake ƙarfe ma yana da iyakar abin da zai ɗauka, sai ya ture mai facin ya ɗaure da hannunsa, noti bayan noti. Ni kuma ina son motar ƙarfe biyu. Sai na ba Nicholas makulli. Minti arba'in ya dawo, na yabe shi a gaban Malam Manniru da gangan.

Da safen Alhamis na fito takwas da kwata, na riga na makara, ban yi karin kumallo ba, kaina cike da dokokin aikin gwamnati. Na tarar da shi tsugune gaban tayar gaba, zai ɓanɓare murfin da ke rufe notuna.

"Me kake yi?"

"Hajiya, ban duba ɗaurin jiya ba. Minti biyu."

"Ko daƙiƙa biyu ba ni da ita. Tashi mu tafi. Kuma ka ji ni da kyau, yau in ka tsayar da ni a hanya, ka san takardar da ke teburin Angela."

Ya ɗago ya dube ni. Ya mayar da sifanar but ɗin mota, ya buɗe mini ƙofa.

Hanyar Kubwa ta wancan lokaci ba irin ta yanzu ba ce. Matsattsiya ce, ga tireloli da tifofi masu jigilar rodi da siminti zuwa Dei-Dei. Ina ta ce masa ya taka, yana takawa. Allurar gudu ta wuce ɗari. Mun bar Gwarinpa ke nan na ga ya kashe rediyo. Na san abin da hakan ke nufi. Ya sauke gilashi kaɗan, ya karkata kai.

"Malam Manniru."

Ya ƙara kasa kunne.

"Malam Manniru, tara saura ashirin da biyar."

"Hajiya, ba ki ji ba? Kamar tsakuwa a gwangwani."

"Ban ji komai ba. Sababbin tayoyi ne. Wuce tirelar nan."

Ya leƙa zai wuce, sai ya fasa ya dawo bayanta. Na ga hannayensa sun ƙanƙame sitiyari, gumi na bin bayan kunnensa duk da sanyin motar. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Allura ta fara sauka, tamanin, sittin. Wata tifa a bayanmu ta danna hon kamar za ta hau mu.

"In ka tsaya, wallahi sai na kira Angela."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ka tuna da Luba da yara."

"Su nake tunawa. Da naki."

Bai taka burki da ƙarfi ba. A hankali ya lallaɓa motar ya gangara da ita kan jar ƙasa, ya kashe. Ya juyo ya ce, "Hajiya, ki ba ni minti biyu."

Na fito a fusace. Na zagaya motar, na dubi tayoyi huɗu, ga su nan baƙi wuluk, sababbi, babu abin da ya same su. Shi kuma ya nufi but yana neman sifana, a natse, kamar ba da shi nake ba. Natsuwar nan ce ta ƙarasa ni. Na ciro waya na kira ofis, na ɗaga murya yadda zai ji.

"Angela, ɗauki mai sunan Manniru ki kai. Yanzu."

"Madam, kin tabbata? Baba Manniru fa?"

"Da Hausa na yi miki magana ko da me?"

Ya tsaya da sifana a hannu. Bai roƙe ni ba, kuma da ya roƙa wataƙila da na huce. Ya dai taka bakin titi ya tare mini tasi, ya buɗe ƙofa, ya ce wa mai tasin, "Ka bi a hankali, jarrabawa za ta rubuta." Muna tashi na waiwaya na gan shi ya tsuguna gaban tayar.

Na shiga zauren tara saura uku. Aka karɓe wayoyinmu, ba a ba mu ba sai bayan la'asar. Sau biyu ina cikin rubutu na tuna ledar gwaiba, na kore tunanin na ci gaba. Da na fito na ce a raina gobe zan gyara, ai takarda ce kawai.

Washegari na tarar da makullin motar a kan teburina, kusa da shi wani hankici a ƙulle. Na kwance. Notuna uku ne, kowanne da guntun ƙarfen da yake ɗaure a kai a cikinsa, a karye. Angela ta ce da sassafe Malam Manniru ya kawo, ya ce a gaya mini a cikin murfin tayar gaba ya same su suna yawo. Ƙarar da yake ji ke nan. Noti biyar ke riƙe tayar. Biyu suka rage, ɗaya ma ya fara tsagewa, kuma ni ina ce masa ya wuce tirela.

Na zauna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na hau sama wajen babban sakatare, na rubuta takarda, na bi ta ofis-ofis mako uku. Ko'ina amsa ɗaya ce: sunaye sun riga sun wuce, kuma ga sa hannuna. Sakamakon jarrabawa ya fito, na zama darakta, aka yi ta zuwa yi mini murna. Da na samu ƙarfin halin zuwa Nyanya, wata mata ce ta leƙo daga ɗakinsa, ta ce masu gidan na da sun koma wajen Mararraba, ba ta san unguwar ba. An sare gwaibar an kafa shagon katin waya a wurin.

Shekara bakwai hankicin nan yana cikin jakata. Wata rana Angela ta ce ta ga Malam Manniru a tashar Nyanya yana lodin fasinjan Keffi da wata tsohuwar Corolla. Na sa direbana ya kai ni, duk da ina da taro ƙarfe sha ɗaya.

Na same shi ya yi furfura, ya rame, motarsa kuwa tsaf kamar a ci tuwo a kan bonet. 'Yan kamasho na tsokanarsa da sunan nan nasa, har nan ya biyo shi. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na tambayi Luba. Ya ce ta rasu shekara biyu da tashinsu, ɗakin da suka kama yana da danshi, ƙirjinta bai ɗauka ba. Ya faɗa ne kawai, ba da wata manufa ba.

Na ciro hankicin. Na kwance shi a gabansa.

"Malam Manniru, don me ba ka gaya mini ba a ranar? Da ka ce taya za ta fita, ai da na tsaya."

"Ban sani ba a lokacin, Hajiya. Ƙara kawai na ji. Shi ya sa na ce ki ba ni minti biyu."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a bakin titin, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ba ni yake kallo ba. Idonsa na kan sabuwar jif ɗin da na zo da ita.

"Wa ya ɗaura miki tayoyin nan?"

Direbana ya ce mai faci ne a Wuse, shekaranjiya. Ya ƙara da cewa, "Madam, sha ɗaya saura kwata fa."

Malam Manniru ya riga ya ɗauko sifanarsa. Ya dafa gwiwa ya tsuguna da ƙyar gaban tayar gaba, bai tambaye ni ko ina da lokaci ba. Na ce wa direban ya kashe mota. Na tsaya a kansa cikin rana da hayaƙin tasha, hankicin a hannuna, ina kallonsa yana bin notunan ɗaya bayan ɗaya, har ya gama duka tayoyin huɗu.