Taragon da Na Kai wa Baba a Manassas

Na yi sati uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ban tabbatar ba. Amma lokaci yana ƙure wa wani dattijo, shi ya sa na daure.

Ranar Asabar, muna idar da sallar asuba, muka bar Takoma Park ni da maiɗakina, a tasin da nake aiki da ita. Manassas muka nufa, wajen Baba. Mutumin Filato ne, kafinta, tare suka yi aikin reluwe da mahaifina a ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe tun ina ƙarami. 'Yarsa nas ce, ita ta ɗauko shi daga gida zuwa nan ƙasar waje. Kewar gida ta sa ya shimfiɗa layin dogo na wasa a lambun gidan, faɗinsa bai fi yatsa uku ba, ya yi ta ƙera taragun kuza da katakon akwatin lemo da gwangwanin madara. Saura taragon fasinja kaɗai, sai ɓarin jikinsa ya shanye. Na ce ni zan ƙera masa.

Taragon yana kan cinyar maiɗakina, naɗe cikin tawul. Duk gadar da muka hau sai na ce ta riƙe da kyau, har ta ce ko jinjiri ba a yi wa haka. Mun tsaya shan mai kusa da Fairfax, na sayi kofi mai kama da ruwan wankin tukunya. Gara da maiɗakina ta soyo ƙosai. Daga Centreville gidaje suka fara raguwa, sai filaye da dawakai, ganyen itatuwa duk ya yi ja.

'Yar Baba ce ta buɗe mana. "Yaya, sannunku da hanya. Tun jiya yake kallon ƙofa."

Ta turo shi lambu a keken marasa lafiya. Ciyawa ta fara rufe dogon. Na durƙusa na share ganye, na sa wa kan jirgin batir, na maƙala taragona a baya. A miƙaƙƙen wuri ya tafi lafiya. Yana isa kwanar da ke gindin tumatir ya goce ya kife, rufin ya cire.

Laifina ne. Ban taɓa shiga ƙaramin jirgin ba. Babban jirgin Kano na tuna, na yi tarago dogo mai taga takwas, kwanar kuwa ba ta ɗaukar mai tsawo haka.

Baba ya yi dariya da gefen baki ɗaya. 'Yarsa ta ce rabonta da jin haka tun kafin asibiti. Sai kuma hawaye ya zubo masa.

"Ba namu ba ne, ɗan Malam," in ji shi, da ƙyar.

"Baba, namu taga nawa?"

Ya ɗaga hannun hagu. Yatsa huɗu, sai biyar. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani.

"Fenti fa? Kore ko ja?"

Ya rufe ido.

An kawo mana gwate da zafinsa, ban iya ci sosai ba. Da za mu tafi, 'yarsa ta rako mu bakin mota, ta ce likita ya ce kada su sa rai ya wuce sanyin bana.

Mun iso gida kafin magariba. Sau nawa Baba yana ba ni labarin jirgin nan ina satar kallon agogo, saboda fasinja na jira a gari? Ya sha faɗin adadin tagogin, na tabbata. Na koyi cewa tsoho ana tambayarsa ne tun bakinsa na buɗe.

Don Allah, duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos, ko yake da tsoho a gida da ya shiga, a tambaya mini: taragon fasinja taga nawa a kowane gefe, wane fenti ne, ƙofa a tsakiya take ko a ƙarshe? A aiko ta hannun edita. Wanda bai tabbata ba ya faɗa mini bai tabbata ba. Ba zan iya kai masa kuskure sau biyu ba.