Mushe Salisu da Rediyon Inna Jumma

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Mushe Salisu, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, wanda ya koyar da ilimin lantarki a kwalejin Gazawa har ya yi ritaya. Na daina kuka tuni. Yanzu in na tuna shi, dariya ce ke fara zuwa mini, musamman in na ratsa kasuwa na ga samari sun jona wayoyi birjik a batirin sola ba tare da wani ya tsaya ya yi lissafi ba. Da yana nan, da ya tsaya musu a ka sai sun faɗa masa bolt nawa ne, ni kuwa ina gefe da kwandon cefane ina jiransa.

Abin da na fi tuna shi da shi ya faru ne a farin tamanin da huɗu, shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka. Wata dattijuwar Bafillata, Inna Jumma, ta sauka a bayan gidanmu da 'yan awakinta. Ɗanta na fari, Buba, ya kora ragowar shanunsu kudu, ya ƙetare iyaka, aka yi watanni babu labarinsa. Ya bar mata rediyo, kuma kullum bayan la'asar takan kunna shirin da matafiya ke aiko da gaisuwa gida. In ka tambaye ta, sai ta ce farashin hatsi take saurare. Kowa ya san ba haka ba ne, amma uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna ta damu da shi.

Sai pil, wato ƙananan batiran rediyo, ya yi wuya a gari. A lokacin mutane sun saba shanya matattun pil a rana, su jera su da yawa a cikin tsagaggen kara, rediyo ya ɗan yi magana. Daga nan kowa ya ɗauka cewa yawan wuta ba ya ɓarna. Da na Inna Jumma suka mutu murus, maƙwabcinmu Mani direba ya kinkimo batirin motarsa don ya taimaka. Har ya fere wayoyi zai jona, Salisu ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

“Mani, mi za ka yi? Kashe shi za ka yi!” in ji shi.

“Haba Mushe, wuta ai wuta ce,” in ji Mani.

Salisu ya tsuguna ya yi mana darasi a ƙasa da tsinke. Rediyon pil huɗu yake ci, wato bolt shida, batirin mota kuwa sha biyu ne. Dole a sami abin da zai tare shidan da suka yi yawa. Ya ciro pil ɗin tocilanmu, ya auna da na'urar lakol, wato makarantarsu, ya ga rediyon na jan rubu'in amfiya. Ya ce a raba shida da rubu'i, ya ba da ashirin da huɗu, wannan ita ce turjiyar wayar da ake bukata, ana ƙirga ta da om. A ninka shida da rubu'i kuma, ya ba da wat ɗaya da rabi, zafin da wayar za ta sha ke nan. Ya warware wayar wani tsohon rishon lantarki, ya auna, ya yanka, ya naɗa ta a jikin katangar tukunya. Na yi ta addu'a sa'ad da ya jona, don in rediyon nan ya ƙone, babu wani a unguwar, kuma babu hanyar da tsohuwar za ta ji ko ɗanta na raye. Rediyo ya yi tari, ya kama magana.

Sai dai akwai sharaɗi. Lissafin ya tsaya ne a kan murya sama. In aka rage ta, rediyon zai ja wuta kaɗan, wayar ta kasa tare abin da ya kamata, sauran ya afka masa. Don haka Inna Jumma, mai son saurare a ɓoye, ta koma saurare da rabin unguwa a ƙofar gidanmu. Ba ta so ba, amma kullum tana zuwa, ta zauna a gefe tana ɗan juya baya.

Yau jikokinmu na kiran Legas daga kan gado, har su ga fuskar juna. Na san Salisu zai ji daɗin haka, ko da yake zai yi mita a kan cazar da suke bari a jone. Ɗalibansa da dama sun zama masu haɗa sola daga Agiye har Gidan Rumji, kuma in sun gan ni sukan durƙusa su gaishe ni. Ina alfahari da wannan, amma ba shi ne abin da ya fi zauna mini a rai ba.

Wata ranar Laraba mai shirin ya karanto cewa Buba ɗan Jumma na gaida mahaifiyarsa a Gazawa, yana lafiya, shanu sun sami ciyawa. Unguwa ta kaure da guɗa. Inna Jumma ta tashi ta zaga bayan rumbunmu, ta daɗe. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta dubi Salisu ta ce, “Mushe, wayar nan taka hayaƙi gare ta. Ya shiga mini ido.”

Wayar ba ta taɓa yin hayaƙi ba, kuma Salisu ko sufeton makarantu bai isa ya ce ya yi kuskure a lissafi ya ƙyale shi ba. Na ga ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaskiya ne, Inna. Lissafina ne bai yi daidai ba. A gafarce ni.”

Allah ya jiƙanka, Salisu.