Barandar da Kaka Ya Zaɓa da Ƙafa

Ranar wata Asabar cikin watan Agustan 1991 Kaka ya faɗi a barandar gidanmu da ke Kafanchan. An kwana ana ruwa, feshi ya jiƙa ko'ina, ni kuma ina tsakar gida ina tankaɗen garin acca sai na ji sandarsa ta bugi ƙofa, sannan wani tim mai nauyi. Ko da na fito a guje, yana kwance ta gefe ɗaya, hularsa ta yi nata wuri, yana lalubar ƙasa da hannu. Kaka mahaifin Baba ne. Ciwon ido irin na mazauna bakin rafi ya makantar da shi tun kafin a haife ni, amma ban taɓa ganin ya nemi ɗan jagora a cikin gida ba, domin da tafin ƙafa yake gane inda yake.

Barandar nan kuwa ita ce abin alfaharin Baba. Ya yi shekaru yana aikin reluwe yana kallon barandar gidajen manyan ma'aikata, ja wur, sumul, har mutum yana ganin fuskarsa. Da ya gina nasa gidan sai ya sa aka yi masa irinta sak, siminti mai sulɓi da jan folish a kai. "Baranda ita ce fuskar gida," haka yake cewa, mu kuwa gwiwoyinmu ne suka san kuɗin fuskar. Duk Asabar ni da ƙanena Bulus za mu durƙusa da tsumma mu shafe ta, mu taka ɓawon kwakwa mu yi ta gurza har cinya ta yi tsami. Kafin azahar kaji sun bi ta kai, ko wani ya shigo da jar laka daga gona. Ran Lahadi mu tafi sujada da jajayen gwiwoyi yara suna yi mana dariya. Mama ko citta ba ta iya shanyawa a wurin, don jan yana kama ta. Amfaninta ɗaya a wurinmu, idan Baba ya fita mu zauna a kan buhu mu riƙa jan juna.

Mai ɗori ya duba ya ce targaɗe ne kawai, kuma ba a daɗe ba ƙugun ya warke. Amma Kaka bai sake fitowa ba. Mutumin da a da yake wuni a baranda yana tufka igiya, masu wucewa kasuwa suna tsayawa gaishe shi, yana faɗa mana jirgin da ya shigo tasha daga jin kukansa, sai ga shi a ƙuryar ɗaki kamar baƙo. Gwaten da nake kai masa rabi yake ci. Ya daina tsokanata da "uwargida, ina tuwona?" Daga baya ya ce a mayar da shi ƙauye can bayan Kachia, inda ƙasa ba ta yaudarar ƙafa. To a ƙauyen ɗakinsa ya rushe, 'yan uwa duk sun watse, babu mai ba shi ko ruwa. Na tsorata ƙwarai, don na san idan ya tafi ba zai daɗe ba.

Aka shiga shawara. Maƙwabcinmu Papa Nkechi, mai shagon kayan gini, ya ce tarazo za a zuba, wato simintin nan mai ƙananan duwatsu da ake gogewa da inji, ba folish ba wahala. Mama ta je gidansa ta watsa ruwa a nasa ta taka, ta dawo ta ce wannan ai ya fi namu santsi. Baba ya ce to a yi daɓen ƙasa da makuba irin na ƙauye, Mama ta tambaye shi wa zai riƙa buga shi duk rani bayan feshi ya cinye, shi ko ita? Ita abin da take so, wanda bokitin ruwa da tsintsiya suka ishe shi. A ƙarshe ta ce duk da ido muke zaɓe, alhali wanda abin ya shafa ba da shi yake aiki ba. Ta sa birkila ya zuba ƙananan falale na gwaji a bayan gida, wani da tsakuwa, wani da ɓaraguzan tayil, wani kuma siminti ne zalla da aka ja masa tsintsiya tun yana ɗanye.

Da suka bushe muka ɗauko su har ƙofar ɗakin Kaka, Mama ta kwarara musu ruwa. Da ƙyar ya yarda ya miƙe, Baba yana riƙe da hannunsa. Na tsakuwa ya ce yana cizo. Na tayil kuwa yana takawa ya janye ƙafa. Da ya hau mai zanen tsintsiya sai ya tsaya, ya murza dunduniya, ya murza yatsu, ya saki hannun Baba.

"Wannan yana riƙe mutum," in ji shi.

Baba ya dubi abin, toka-toka, kaushi kamar bayan kada, ya ce wa Kaka, "Baba, ba shi da kyau fa."

"Kai ka gani. Ni zan taka."

Baba da kansa ya ɗauki diga ya fara fasa jar barandar, yana yi yana tsaki. Ni da Bulus muka jefa ɓawon kwakwa a murhu, ba mu ko ɓoye murnarmu ba. Bayan sabon simintin ya kama, wata safiya ana yayyafi ina hura wuta, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a waje, sannan muryarsa: "Uwargida, yau ba a karyawa ne a gidan nan?" Na zauna a gindin murhu na yi kuka, na ce hayaƙi ne. Maganar ƙauye ba ta sake tashi ba, a wurinmu ya ƙarasa kwanakinsa.

Yanzu ko'ina ka shiga a Kafanchan tayil ne yake ƙyalli tun daga bakin ƙofa, ana gogewa safe da yamma, tsofaffin gidan kuwa suna can ɗaki suna tsoron takawa. Tamu tana nan da muninta, gefe ɗaya ya tsage, bokiti guda ya ishe ta wanki. Nakan yi kewar lokacin da ake tambayar tsoho kafin a gyara gida.