Ƙanƙarar da Na Saukar a Keffi

Abubuwa da yawa na aiki sun gushe mini, amma ban da ranar da Bature Mai Lofe ya zo Keffi takanas saboda ni. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin ma'aikacin awon yanayi, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Ku masu danna kwamfuta ba ku san daɗin aikin nan ba. Kullum da safe sai in buɗe wani farin akwati mai ƙafafu in karanta ma'aunin zafi, in juye ruwan da mazurari ya tara in auna, in cika fom. Ƙarshen wata a aika Ikko. Da irin takardunmu manya suke hasashen yaushe damina za ta kankama, a gaya wa manoma su yi shuka ko su dakata.

Fom ɗin a Ingila aka buga shi, gida-gida: na ruwa, na iska, har da wani da aka rubuta wa "sino". Ni kuwa a firamare malaminmu ya ce mana sino ita ce ƙanƙara, ya wuce abinsa. To wata la'asar a farkon damina hadari ya haɗo daga gabas, aka sako ƙanƙara kamar ana jifan kwanon rufi da tsakuwa. Na cika gidan sino, har da ƙawata rubutu.

Bayan sati uku takardar tuhuma ta iso, wai in yi bayani, kuma babban jami'i yana tafe. Sai a lokacin na gane ashe Turawa sunaye biyu suke da su: wadda take faɗowa kamar tsakuwa daban, wadda take zuba kamar gari ta rufe ƙasa daban, ita ce sino, sai ƙasashen sanyi. Mu kuwa duk ƙanƙara ce. Matata ko arba'in ba ta yi ba, muna ɗaki ɗaya a unguwar Liman Abaji, kuma mai jiran tabbaci kuskure ɗaya ke sallamarsa.

Shugabana, Malam Dogara, sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Kai, ka ji shawara. In ya zo ka ce alƙalami ne ya zame, ruwa kawai aka yi. Kar ka ja dogon Turanci."

Babban jami'in ya iso, shi ne Bature Mai Lofe, dattijo ne, cikin 'yan kaɗan da suka rage bayan tafiyar 'yan uwansu. Hausarsa a karye take, amma ana ganewa. Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai sino?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Aikina ke nan kafin in zo ƙasar nan. A wajenmu akwai duwatsu, mutane suna ɗaura katako a ƙafa suna sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Tun kafin sanyi ya shigo masu masaukin baƙi suke tambayata, bana za ta zuba da yawa? In na ce e, ba ta zuba ba, sun shiga uku, ni ma haka. Da na san tana sauka a Keffi, ai da nan na turo su." Sai ya gimtse fuska. "To gaya mini, me ya sauka?"

Malam Dogara yana ta ƙyafta mini ido. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san sunanta da Turanci ba, amma ta sauka. Na tsince ta da hannuna, har na jefa ɗaya a baki."

Ya ce in nuna masa. Muka shiga mota har ƙauyen Agwada, inda na ji ta fi yin ɓarna. Ganyen masara duk a yayyage kamar tsumma. Mai gonar, wani tsoho, ya bar noma ya taho, ya ce, "Ku ne masu duba sama? Ina kuke ba ku gaya mana ba?" Baturen ya zare lofe daga baki. Sai ya tsuguna yana tambayar tsohon yadda hadarin ya haɗu da irin zafin da aka yi kafin nan, yana rubutawa kamar ɗan makaranta.

Da muka dawo ofis ya yi rubutu layi biyu a kan takardar tuhumar, ya fassara mini: gida ba daidai ba, ido daidai. Ya ce sauran tashoshin da ƙanƙarar ta ratsa ba wanda ya rubuta komai. Kafin a yi girbi aka tabbatar da ni.

Wallahi ina kewar mutanen nan, har Malam Dogara, Allah ya jiƙansa, wanda shawararsa ta kusa kai ni ƙasa don ƙauna. Na tsufa a aikin nan, hasashenmu ya sha tashi a banza, don sanin gaibu sai Allah. Amma mai hasashen gobe ba shi da abin dogaro sai gaskiyar wanda ya rubuta yau. Saboda haka in kun ga abin da ba ku san sunansa ba, ku rubuta shi ko a gidan da bai dace ba. Ya fi ku bar takarda fara.