Inna Sala, Mai Duba Mana Sama

Tun gari bai gama wayewa ba Inna Salanieta take hawa tudun bayan coci, da zanenta da tsohuwar lemarta. Ta duba ma'aunin ruwan sama, ta tsaya ta ƙare wa gajimaren da ke kan teku kallo, sannan ta ɗauki oba-oba ta faɗa wa ofishin yanayi na Suva, babban birnin ƙasarmu, abin da ta gani, su ma su faɗa mata nasu. Daga nan sai ta gangaro bakin ruwa, inda masunta ke jiranta suna gyaran koma. Wani ya tsokane ta, "Inna, yau me maigidanki na sama ya ce?" Ta ce ya ce ragwaye su daina neman hujjar kwana.

Haka muka taso muka same ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, don idanunta sun fara hazo.

Yaran yanzu ba su san mijinta Waisake ba. Wata safiya ta duba sama garau, Suva ma suka ce lafiya, ta ce masa ya tafi kamun kifi. Da azahar hadari ya taso daga kudu ba zato, ya rufe teku. Kwalekwalensa kawai aka samu. Babu wanda ya ga laifinta, amma kowa ya ɗauka ta gama da tudun nan. Washegari, mata na shimfiɗa tabarmin makoki, sai muka hango lemarta tana hawa. Da ƙanwarta ta tare ta, cewa ta yi mazan wasu ma za su fita yau.

Ni kuwa abin da na gani da idona, shekarar da na fara aiki a ɗakin shan maganin tsibirinmu ne. Mereoni, matar Apenisa mai jirgin ruwa, ta wuni tana naƙuda, ɗan ya kwanta a gicciye. Abin ya fi ƙarfina, sai asibitin babban tsibiri. Muka ɗauko ta a tabarma zuwa bakin ruwa da la'asar, muka sa ta a jirgin. Can gaban mashigar da ke tsakanin duwatsun teku hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ruwansa na zuba a teku kamar labule.

Apenisa ya tada inji. Inna Sala ta shiga ruwa har gwiwa, ta kama igiyar jirgin ta naɗe a hannunta. Ya roƙe ta, ya yi faɗa, ya ce matarsa za ta mutu a kan yashi tana kallo. Ni ma na ce mata lokaci na ƙure mana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, na taɓa ce wa mutum ya tafi," in ji ta. "Ka bar ni in duba da kyau."

Ya kashe injin. Ta tsaya a ruwan, ido a sama, hannu ɗaya a kan igiya, ɗayan yana shafa goshin Mereoni. Ban taɓa ganin jira mai tsawon wannan ba. Sannu a hankali iska ta juya, hadarin ya karkata yamma, haske ya keto ta ƙarƙashinsa. Sai ta warware igiyar. Ta ce wa Apenisa ya bi ta gabas, kada ya tsaya, don akwai wani hadarin a baya. Muna cikin tafiya muryarta na fitowa ta oba-oba, tana faɗa mana inda gajimaren ya kai, tana tambayar Mereoni wane suna za ta sa wa ɗan, don kada ta yi shiru. Muna taka gaɓa ruwa ya kece. Aka yi aiki, uwa da ɗa suka rayu. Daga baya na ji cewa bayan mun isa, sai da mata suka riƙo Inna zuwa gida.

Inna, ke ce kika ɗauki nauyin da duk muke gudu: cewa a tafi ko a zauna, alhali kin fi kowa sanin sama ba ta yi wa kowa alkawari. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba. Albashinki bai kai ya saya miki sabon kwanon rufi ba, ɗakinki har yau yana yoyo. Amma gida nawa ne a tsibirin nan ake zuba tuwon rogo da kifi, maigida na zaune, saboda kin ce masa yau ba rana ba ce?

Mun gode, uwar masunta. Litiana, wadda kika koya wa aikin, ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ranar da za ta yi kuskure. Na ji amsar da kika ba ta, kuma ina so duk mai riƙe da amanar jama'a a cikinmu ya ji ta:

"Za ki yi, 'yata. Ki yi kukanki, gari na wayewa ki koma ki duba."