Keken Malam Sali Mai Kai Labarin Rasuwa

Ranar da Isma'il mijina ya rasu a bakin aikinsa a tashar jiragen ruwa, ina tsugune ne gaban kasko ina tuyar ƙosai a ƙofar gida. Malam Sali ya zo ya yi sallama, ya zauna a kan benci, ya ce in ba shi ruwa. Ya sha a hankali. Ya tambayi lafiyar Hafiza 'yata, ya yi zancen ruwan saman da ya cika kwatoci. Sai da ya ga na kwashe ƙosan ƙarshe, na sauke kaskon na ajiye can nesa da ƙafata, sannan ya ce, "Innar Hafiza, gyara zama." Daga baya na gane jira yake man nan mai tafasa ya bar hannuna. Allah ya jiƙan Malam Sali, ya saka masa da alheri.

Aikinsa ke nan a unguwarmu ta New Bell. In an yi rasuwa, shi ake tura wa dangi ya faɗa musu da baki. Mutumin Garwa ne, ya sauko Duwala yana saurayi a bayan motar shanu, ya yi dakon nama, ya yi tallan goro, har wata rana liman ya rasa wanda zai aika ya aike shi. Ya iya, sai abin ya zauna masa. Matarsa ta riga shi tun da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba. Danginsa a garin nan ƙanwarsa ce kaɗai, Tasalla, da ke aure a Grand Hangar, can Bonaberi, ƙetaren gada.

Ko da waya ta shigo hannun kowa, tsofaffinmu ba su yarda a faɗi mutuwa ta cikinta ba. Malam Sali yakan ce waya ba ta ganin abin da ke hannun mutum, ba ta san ko a bakin titi yake tsaye ba. Shi kuwa yana gani. Kuma duk da irin saƙon da yake ɗauka, babu ƙofar da ba a shimfiɗa masa tabarma, don yawonsa na zumunci ya fi na mutuwa yawa. Ya san ɗan wa ya fito da haƙori, ya san wa ke ciwon baya. Ba shi da kowa a ɗakinsa, ƙofofin mutane su ne gidansa.

Sai gwiwoyi suka fara cinsa. Kuɗin benskin, wato babur ɗin haya, kullum ya fi ƙarfinsa, wasu 'yan babur ɗin ma in sun gane shi sai su ce, "Papa, yau kuma wa ka ɗauko? Hau na baya," su wuce suna dariya. Zaidu mai gyaran keke, abokin hirarsa, shi ya ba shi shawara.

"Malam, keken da ka sani na Garwa ba zai yi a nan ba. Damina ɗaya lungunan nan za su karya shi. VTT za ka nema, mai kaurin taya da giya, wanda ake hawa tudu da shi."

"Ni da ban taɓa mallakar ko baskur na katako ba?"

"To ka fara da tsufanka. Abin da ke aljihunka fa?"

Malam Sali ya nuna masa. Zaidu ya yi tsaki, ya ce su tafi burokant, inda ake sayar da tsofaffin kayan Turai da ake saukewa daga kwantena.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa suka nufi Ndokoti. Shagon dogo ne, mai duhu daga ciki, yana warin katifa da ta daɗe a rufe. A ƙofa an jera sababbin kekuna masu walƙiya, ja da shuɗi, sifirin gaba da baya. Idon Malam Sali ya tsaya kan wani ja.

"Sake shi," in ji Zaidu. "Ɗaga ka ji. Buhun siminti ne aka shafa wa fenti. Kafin Sallah zai yi tsatsa, giyarsa ta riƙa tsalle kamar akuya."

Ya koya masa abin da ake dubawa. Ya tsaya a kan keken ƙafa biyu a ƙasa, ya ga ko sandar tsakiya ta taɓa shi. Ya bi wuraren walda da yatsa ko akwai tsaga. Ya matse birki ya tura. Ya ɗaga tayar baya ya juya feda, ya saurari sarƙa tana canza giya. Suka sami wani fari, marar nauyi, da ya ci duk gwajin nan. Da mai shago ya faɗi kuɗinsa, Malam Sali ya mayar da shi ya jingine da hannu biyu, kamar wanda ya taɓa kayan da ba nasa ba.

Har sun juya, mai shagon ya ce akwai wani a ciki. Ya janyo shi daga bayan wani tsohon firji. Kore ne mai duhu, fentin ya koɗe, ba suna a jikinsa. Tayoyinsa da sauran haƙora, birki na kamawa, giya na shiga ba gardama. Sirdin ne kawai ya lotsa gefe ɗaya, inda wani ya daɗe yana zama. Da Zaidu ya juya tayar baya ya saki, sai ta riƙa wata ƙara siririya, tik, tik, tik, ta daɗe ba ta tsaya ba.

"Mai shi fa?" Malam Sali ya tambaya.

Mai shagon ya ɗaga kafaɗa. "Papa Aladji, kayan nan duka daga gidajen da aka kwashe ne. Mai shi ya gama da shi."

"Allah sarki. Mu ma wasu za su hau namu."

Saura gwaji ɗaya. Zaidu ya fito da keken inda ƙasa take a shimfiɗe, ya riƙe sirdi, ya tura shi ya saki, don a ga ko yana tafiya sak. Keken ya tafi ɗan nesa a miƙe, ya fi yadda keken da ba kowa a kai ya kamata ya yi. Sannan ya karkata hagu a hankali, ya je ya dafa tayar gaba a ƙafar wani tsohon mai gadi da ke zaune kan kujera a ƙofar shagon maƙwabta. Bai faɗi ba. Ya tsaya nan jingine da ƙafar mutumin. Tsohon ya dube shi, ya dubi su Malam Sali, ya yi murmushi.

"Ƙahon gaba ne ya ɗan lanƙwashe," in ji Zaidu. "Abin gyara ne. Amma da ni ne, da na ƙara haƙuri na tara na farin."

Gwiwoyin Malam Sali ba su da sauran haƙuri. Ya taya, mai shagon ya sallama nan take, ko ja-in-ja bai yi ba. Zaidu ya ce wannan ne ya fara damunsa, don bai taɓa ganin mutumin burokant ya saki kaya a tayin farko ba.

Keken ya yi masa rana. Laka, ramuka, tudun da ake bi zuwa kasuwa, duk yana wucewa, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Da ya koma Ndokoti neman famfon iska, ya ga kujerar mai gadin nan ba kowa. Aka ce ai an kai shi ƙauyensu, ya cika. Malam Sali ya yi masa addu'a, bai kawo komai a ransa ba.

Abin da ya lura da shi shi ne, in ya sassauta hannu, keken yakan ja shi. Ba kullum ba. Wata rana yana tafiya masallaci, ya ji kan keken ya juya cikin wani lungu, har ƙofar Alhaji Husaini mai goro. Ya ɗauka gangare ne. Tunda ya zo, ya sauka suka gaisa, suka sha shayi, Alhaji yana ta ba'a yana cewa tsoho ya zama ɗan tsere. Kafin Juma'a ta zagayo, daga gidan aka aike shi kai labarin rasuwar Alhaji. Bayan nan sai ƙofar Inna Rahinatu mai koko, wadda ko ciwon kai ba ta yi, ita ma ta bi shi.

Mata ne suka fara haɗa zancen, a bakin famfo. Daga nan ya bazu. Mutane suka koyi ƙarar nan ta tik, tik, tik, in ta shigo lungu sai ka ji hira ta yanke, ana janye yara, ana tura ƙyaure. Gidajen da ake shimfiɗa masa tabarma suka koma aiko da amsa daga ciki, wai maigidan ya fita. Liman ya yi wa'azi cewa gaibu Allah kaɗai ya sani, ƙarfe da roba ba su san ajalin kowa ba. Kowa ya ce haka ne. Ni ma haka na yi imani, har gobe. Amma ƙofofin ba su buɗu ba.

Ya kai wa Zaidu keken. Zaidu ya kwance ƙahon, ya miƙe shi, ya sa sababbin ƙwallaye, ya tura ya saki, keken ya tafi sak har bango. "Ka gani? Aljaninka ya fita." Bayan 'yan kwanaki keken ya sake jan Malam Sali. Ya mayar wa mai shago, mai shago ya ce ba ya karɓar abin da ya fita. A unguwa kuwa ko kyauta ba mai so.

Ya jingine shi ya koma tafiya a ƙasa, amma ƙafar ba ta kai shi da wuri. A kwanakin nan ne aka gaji da jiransa aka buga wa wata yarinya waya cewa uwarta ta rasu, tana saukowa daga bene da jariri a hannu. Allah ya tsare jaririn, ita ta karye a ƙugu. Da Malam Sali ya ji, ya ɗauki keken ya hau. Sai dai ya riƙa damƙe kansa da ƙarfi har jijiyoyin hannunsa su fito, in ya isa kuma ya bar shi a bakin lungu ya ƙarasa da ɗingishi. Gidan Tasalla ya daina zuwa sam, don kada keken ya ga ƙofarta. Ta aiko tana ƙorafi, ya ce aiki ne ya yi yawa.

Wani hantsi, cikin damina, ina tuya sai ga shi a ƙasa. Na hango keken can bakin lungu. Ya rame, ya tsaya nesa da bencin kamar baƙo.

"Malam, ɗauko abin hawanka, za a sace."

"Wa zai sace shi, Innar Hafiza?" Ya yi 'yar dariya. "Bar shi can. Ba na so ya zo ƙofarki."

"Ƙofata ta riga ta ga abin da za ta gani, kai ka kawo mini, kuma da mutunci ka kawo. Ɗauko shi."

Ya je ya turo shi. Ba zan ɓoye ba, da na ji ƙarar tana matsowa sai da na karanta abin da na iya a zuci. Ya jingine shi a bangona. Na ba shi ruwa, na zuba masa ƙosai.

Ya ce da safen nan ya fito zai je kasuwa, hannunsa ya gaji, ya sassauta. Keken ya yi hagu. Ya bar shi, don ya ga gidan wa. Ya sake yin hagu, ya bi bayan masallaci, ya sake hagu, sai ga shi a ƙofar ɗakinsa, tayar gaba ta dafa ƙyauren. Ya juya ya ɗauki wata hanyar. Nan ma ya dawo da shi.

"Wataƙila ƙahon ne," na ce.

"Wataƙila." Ya ɓare ƙosai bai ci ba. "Ba tsoro nake ji ba. Na kai na mutane da yawa, ba zan ce nawa kada ya zo ba. Tasalla ce ban gani ba tun kafin azumi."

Na ce ya bar keken a wurina, ya hau mota ya je. Ya je, ya yini, ya dawo da yamma da ƙullin dambun nama da ta ba shi, fuskarsa a sake. Bai karɓi keken ba. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika wata Talata bayan azahar, Zaidu na riƙe da hannunsa. Mutanen da suka rufe masa ƙofa duk sun bi gawarsa, kuma na ga masu kuka da gaske a cikinsu.

Keken yana nan bayan ɗakina, na rufe shi da buhu, na ɗaure tayar gaba da igiya a jikin turmi. Wani lokaci da rana tsaka, in gidan ya yi shiru, nakan ji tik, tik, tik. Hafiza ta ce ɓera ne ke taɓa tayar. Ban taɓa zuwa na duba inda kansa ya juya ba.

Ranar da ya cika, kafin a gama haɗa shi, na yafa mayafina na nemi motar Bonaberi. Ban taɓa kai wa kowa irin wannan saƙo ba, amma a yammacin da ya dawo daga wurin ƙanwarsa, yana tsaye riƙe da ƙullin dambun nan, ya ce da ni:

"Innar Hafiza, in tawa ta zo, kada ki bari a buga wa Tasalla waya. Ki je da kanki. Ki nemi ruwa ki sha, ki tambayi yara. Ki duba abin da ke hannunta, ki jira ta ajiye tukuna."