Faranti a Bayan Tankin Ruwa

Ni ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Malamanmu na sakandare a Zariya sun gaji da ni, da na zo Jidda wajen Goggona ita ma ba ta daɗe ba ta gaji. Ranar da ta ce ta samo min aikin jinyar wata tsohuwa a unguwar Bagdadiyya, 'ya'yanta dariya suka yi, suka ce sati biyu ya yi yawa za a koro ni. Shekara uku na yi a gidan, kuma har yau in na tuna shi daɗi nake ji.

Tsohuwar Balarabiya ce, ta haura tamanin, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Kowa Sitti yake ce mata, wato Kaka. 'Yarta ce ta ɗauke ni aiki, Madam muke ce mata, tana zaune a hawa na sama da mijinta. Ni da safe nake zuwa daga unguwarmu ta Madain Fahd, in tashi bayan la'asar. Wadda ke kwana a gidan 'yar Filifin ce, gajera, ta girme ni da kusan shekara ashirin, ita kaɗai take ɗaga Sitti daga gado zuwa keke ba tare da ta yi nishi ba. Ranar farko ta ce in riƙa ce mata Ate, haka ƙanne ke kiran yayarsu mace a ƙasarsu. Da Larabcin kicin muke magana, nata a karye, nawa a karye, amma ya ishe mu faɗa. In na ce faɗa, ni kaɗai nake yi.

Sitti tana mintsini. Tana tofar da magani, tana kuma da wasu zage-zage na mutanen da, waɗanda ko Madam ba ta san ma'anarsu ba. In ta mintsine ni sai in ce, "Wallahi Sitti sai na rama," ita kuma ta yi ta dariya da haƙoranta na roba. In ta mintsini Ate, sai Ate ta riƙe hannun ta shafa masa mai. Wannan sanyin nata ya fi mintsinin ba ni haushi.

Kullum bayan azahar, in Sitti ta yi barci, Ate takan shiga ɗakin wanki ta kifa bokiti ta zauna a kai, hannuwa a cinya, ido a lumshe. Ba waya, ba carbi, ba komai. Na yi sati ina kallo, sannan na kasa.

"Barci kike yi a zaune kamar kaza?"

"Numfashina nake kallo."

"Ina zai je da kike gadinsa?"

"Shi ba ya zuwa ko'ina. Hankalina ne yake tafiya, sai in dawo da shi."

Ta ce a Taiwan ta koya, lokacin da ta yi jinyar wani dattijo. Matarsa mabiyar addinin Buda ce, ita ta riƙa zaunar da ita kusa da ita har ta iya. Ga kuma ɗan gicciye a wuyanta a ƙarƙashin riga. Na ce mata ke dai kin tara addinai, ta ce eh, ta ci gaba da ninke tawul.

Wata Talata na hau saman bene shanyar zannuwan gado, iska ta ɗauke min rigar matashin kai ɗaya ta jefa bayan tankin ruwa. Na zagaya in ɗauko, sai ga ƙaramin faranti na kicin ɗinmu a ajiye a inuwa. Dunƙulen shinkafa ɗaya, rabin dafaffen ƙwai, ɗan kofin gahawa, da karan sigari ba a kunna ba. An jera su tsaf.

A lokacin kwanan Sitti huɗu ba ta cin abinci. Ka kai mata cokali ta kawar da kai tana hawaye, har mintsinin ma ta daina. Ban tsaya dogon tunani ba, don ban iya ba. Ga abinci a ɓoye a bayan tanki, ga tsohuwa ta ƙi ci, ga mace da take zama ido rufe tana motsa leɓe. Na ce asiri ne, shi ke nan.

Da na koma gida na gaya wa Goggo muna gyaran ganyen miya. Ta ajiye wuƙar.

"Ke yarinya, a ƙasar nan ba a wasa da maganar sihiri. Wadda aka kama, in ta yi sa'a ta sha ɗauri a mayar da ita ƙasarsu. In kuma mutan gidan suka riga ki gani, wa kike jin za su fara nunawa? Ita mai iƙama da kafilin da ya tsaya mata, ko ke baƙar fata da ba ki da takarda ko ɗaya? Gobe kafin ki cire abayarki ki gaya wa matar nan."

Na san gaskiya ta faɗa. Mu aka fi zargi da irin wannan, ko mun yi ko ba mu yi ba.

Washegari ban ko leƙa Sitti ba, na wuce sama. Madam tana waya da ƙanwarta a kan wani biki, wace za a gayyata wace ba za a gayyata ba. Na ce ina da magana, ta ɗaga min yatsa ɗaya, wato in jira. Na tsaya. Suka gama da dangin ango suka shiga dangin amarya. Na sake cewa Madam, ta sake ɗaga yatsan. Mai haƙuri da ya jira, kuma da labarin nan ya zama wani daban. Ni kuwa na juya, na hau bene, na ɗauko farantin da sabuwar shinkafa a ciki, na sauko kicin na dangwarar da shi gaban Ate.

"Mene ne wannan?"

Tana yanka karas. Ta kalli farantin, ta kalle ni, fuskarta ta koma kamar toka. Shekara guda muna tare, ranar na fara ganin tsoro a idonta.

"Kin gaya mata?"

"Tukuna. Waya take yi."

Ta ajiye wuƙar, ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da firij. Ta ja numfashi ta sake, ta ƙara ja. Na ce ba lokacin kallon numfashi ba ne yanzu, ta buɗe baki ta yi magana. Ta ce in bari ta gama. Haka na tsaya a kanta ina huci har ta gama.

Ta ce na kakarta ne. Su mutanen kan duwatsu ne can arewacin ƙasarsu, kakar ce ta raine ta. Ungozoma ce, mai tausa, mai haɗa ganyaye, duk ƙauyen a hannunta aka haife su. A irin wannan watan ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Ate tana nan Jidda, ba ta samu zuwa ba. A wajensu in watan rasuwar ya zagayo, kafin mutum ya kai loma baki sai ya ɗebi kason mamacin ya ajiye a gefe, da ɗan abin da yake so yana da rai. Kakar ba ta rabuwa da taba.

"Tana zuwa ta ci ke nan?"

"Tattabaru ke ci, habibti, ni ba mahaukaciya ba ce. Sigarin ma guda ɗaya ne, shi nake ta mayarwa."

"To don me?"

"Don ta san ban manta ba. Ban wanke ta ba, ban raka ta ba. Wannan kaɗai nake da shi."

Na ce a wajenmu wannan haramun ne, mamaci ba ya son shinkafa. Ta ce ta sani. Sai ta tambaye ni abin da nake faɗa kullum in zan zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Na ce bisimilla. Ta ce don wa? Na ce don kada in ƙona 'ya'yan aljanu, haka aka koya mana. Ta ce su ma in za su zubar da ruwa a gindin bishiya ko su gifta suri, sai sun ce a gafarce su za su wuce. Na ce ba ɗaya ba ne. Ta ce ba ta ce ɗaya ba ne.

"Sitti fa? Me ya sa ta daina ci daidai lokacin da kika fara ajiye wannan?"

A nan ne ta fusata, ta miƙe tsaye, kanta bai kai kafaɗata ba amma sai da na ja baya.

"Ni zan cuci Sitti? Kullum a kan bokitin can sai na ambace ta!"

Ashe zaman ba numfashi kaɗai ba ne. Ta ce in hankali ya kwanta, sai mutum ya yi wa kansa fatan alheri, ya zauna lafiya, ciwo ya sake shi, zuciyarsa ta huta. Sannan ya yi wa wanda yake ƙauna. Sannan wanda babu ruwansa da shi, kamar mai kawo gas. Daga ƙarshe sai wanda yake ba shi wahala, shi ne mai wuyar. Motsin leɓen da nake gani ke nan.

"Sitti ce ta ƙarshen?"

"Da ita ce. Tuntuni ta koma cikin waɗanda nake ƙauna."

"To wa ya maye gurbinta?"

Ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Ni? Ni ce mai ba ki wahala?"

"Kullum bayan azahar, shekara guda cur. Har yanzu ban ga sauƙi ba."

Ban so yin dariya ba, amma ta kuɓuce min. Ita ba ta yi ba. Ta ce bakin Sitti ne yake ciwo, sau biyu tana gaya wa Madam, Madam ta ce rigimar tsufa ce. "Ni in na yi magana a hankali nake yi, ba a ji. Ke kuwa har maƙwabta suna jin ki." Muka shiga ɗakin tare. Ate ta riƙe mata kai tana lallashi, na wanke hannu na zare haƙoran. Dasashin ƙasa ya ɗaye ya yi jajir, har da farin ƙurji. Kwana biyar ina tura cokali a wajen nan ina ce mata ta daina taurin kai.

Sai ga muryar Madam daga sama tana kirana.

Ate ba ta roƙe ni ba. Ta dai tsaya da haƙoran a cikin kofi tana kallona. 'Ya'yanta biyu mata suna makaranta a can, hotonsu yana manne a jikin ƙofar ɗakinta.

A matakala na yi tunanin da ban yi ba jiya. Abin da take yi ba addinina ba ne, ba kuma zan taɓa yi ba. Maganar Goggo ma tana nan, in wani ya gani ni za a fara kamawa. Amma abin da na gani ba sihiri ba ne, na kuma san haka har cikin raina. Ba zan kai mace kurkuku a kan rabin ƙwai ba.

"Yalla, mece ce maganar da kika tsaya a kaina kamar soja?" in ji Madam.

Na ce, "Bakin mahaifiyarki ya yi ƙurji, kwana biyar ba ta ci ba, an gaya miki sau biyu kin ce tsufa ne. Ki sauko ki gani da idonki, ki kira likita yau, ba gobe ba."

Ta buɗe baki za ta yi min faɗan rashin kunya, sai ta fasa, ta sa takalmi ta sauko. Kafin la'asar likita ya zo. Bayan kwana uku Sitti ta shanye kwanon miyar kaza, ta kai hannu ta mintsine ni a damtse har sai da na yi ƙara.

Na gaya wa Ate sharaɗina tun a ranar. Faranti ba zai sake hawa bene ba, don ba ita kaɗai abin zai shafa ba. Na ce mu in muna son yi wa mamaci wani abu, abinci muke dafawa mu ba masu rai. Ta ce kakarta ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, za ta yarda da wannan. Ranar Juma'a ta dafa tukunyar shinkafa da kaza, muka zuba a robobi muka miƙa wa masu sharar layinmu. Na lura ta ɗebi cokali ɗaya ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa, ban tambaya ba. Goggo kuwa da na ba ta labari, cewa ta yi Allah ya shiryi Ate, ni kuma Allah ya ƙara min hankali, don na yi ganganci.

Ban koyi zamanta ba, ba ta kuma taɓa cewa in koya ba. Abin da na sani shi ne, na daina miƙewa daga kan darduma da zarar na sallame. Nakan ɗan tsaya, in sa sunan wanda ya ɓata min rai a addu'a, ko da da ƙyar ne.

Mun ƙara shekara biyu tare, har Sitti ta rasu a gadonta wata safiya muna gefenta mu biyu. Madam ta so Ate ta zauna, ta ce a'a, babbar 'yarta za ta gama makaranta, tana so ta gani. Ta tafi da ƙafarta, da manyan kwalaye biyu da muka yi yini muna ɗaurewa da igiya. Ni ba na zuwa filin jirgi saboda rashin takarda, don haka a bakin ƙofa muka yi sallama. Ta fara wani dogon jawabi tana share ido, direba yana ta danna hon. Na ɗauki jakarta na jefa a mota, na ce ta shiga kada jirgin ya tashi ya bar ta.